Firam ɗin Tsohuwar Hilux ta Kawu: Yadda Aikin Yake Tafiya

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Motar ta shiga gareji yau da hantsi. Toyota Hilux ce mai lamba LN105, ƙirar 1993, ƙofa huɗu, da injin dizal ɗin nan da ake kira 2L, mai lita 2.4. Tana cikin zubi na biyar na Hilux, wanda aka yi daga 1988 zuwa 1997, irin masu dunƙulallen aksul a gaba da ke ɗaure da sifirin kamar na baya. 'Yar Kwatano ce. Kawu ya saye ta tun ina sakandare, ta yi shekaru tana kai taki gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, ta dawo da buhuna Dawanau. Da ciwon ƙafa ya hana shi zirga-zirga sai ya miƙo mini makulli.

Injin lafiyarsa ƙalau, bugu ɗaya yake tashi. Abin da ya kawo mu shi ne duk sanda aka yi mata lodi sai bayanta ya karkata hagu, direba kuma ya dage cewa sifirin ne ya gaji. Ogan garejin ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi da sukudireba, ya soki firam, wato ƙashin ƙarfen da bodi da inji suke zaune a kai, a daidai inda kunnen sifirin na baya yake riƙe. Sukudireban ya shige har mariƙi. Ya fito yana kakkaɓe jar ƙura daga gemunsa ya ce, "Alhaji, sifirin ba shi da laifi. Abin da yake riƙe da shi ne ya tafi."

Shawara biyu aka kawo. Ta farko, a ɗora faranti a kan ramin, a yi walda, a shafe da baƙin fenti, gobe mota ta koma aiki. Ta biyu, a sauke bodi da kan mota gaba ɗaya, a bar firam tsirara a ga iyakar ɓarnar. Na zaɓi ta biyu. Dalilina, firam ɗin Hilux rufaffe ne ta kowane gefe, cikinsa rami ne daga gaba har baya. Idan tsatsa ta huda ta fito waje a wuri ɗaya, to ta daɗe tana ci daga ciki, kamar gara a azara.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Wani maƙwabcin gareji ya tsaya yana mamaki: ina mota za ta sami irin wannan tsatsa a Kano, garin da wanki yake bushewa kafin ka gama shanya? Gaskiyarsa, motar da aka sayo sabuwa ta zauna a nan ba kasafai ƙarƙashinta yake ruɓewa ba. Amma wannan ta sha gishiri sau biyu a rayuwarta. A Turai suna watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, tayoyi su feso ruwan gishirin cikin kowane lungu na firam. Ƙarfe yana tsatsa ne idan ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara wa abin gudu sosai. Da ta zo nan sai ta faɗa aikin taki. Yuriya tana jan laima daga iska, takin NPK kuma yawanci fotash ɗin cikinsa gishiri ne mai kuloraid, ɗan'uwan wanda ake watsawa a titin Turai. Buhu ya fashe, ruwan sama ya wanke takin ta ramukan daben bodi, ya sauka kan firam, taɓon Kadawa ya zo ya lulluɓe. Taɓo kuwa yana riƙe danshi har bayan damina ta ɗauke.

Yau an cire batir, an sauke tanki, an ɗaga bodin baya. Tun ranar Laraba yaran gareji suke ɗiga wa notuna man giya da kananzir safe da yamma, duk da haka biyu daga cikin masu riƙe bodi sun karye, sauran sai da aka gasa su da wuta.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: notunan Toyota na asali sifana 12, 14, 17 da 19 suke ci. A gefen hagu, ta baya, sai ga notuna masu cin 13. Wannan ma'aunin Turawa ne. Ke nan tun a can wani ya taɓa buɗe wurin ya yi gyara. Na ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin a zare, na sa an ɗaura musu takarda da lamba, notunan kowane sashe kuma a gwangwaninsu daban.

Asabar, 18 ga Nuwamba

An ɗaga kan motar da katako a kan durom huɗu, aka turo firam ɗin waje da injinsa da tayoyinsa. Injin da giya ma an sauke su, an rufe da tamfol.

Sai wanki. Mun ɗauko mai injin wankin mota, ya zura bakin tiyo ta ramukan da ke jikin firam. Da farko babu abin da ya fito, saboda ramukan zubar ruwa na ƙasa duk sun toshe. Da aka tsokane su da ƙusa sai jan ruwa ya ɓalle. Abin da ya biyo baya ya cika bokitai: taɓo, yashi, ƙaiƙayin shinkafa, tsumman buhu da ɓera ya ja ya yi sheƙa, da ɓawon tsatsa masu faɗin tafin hannu. Na ɗauki guda na karya, hawa-hawa ne, baƙi a ciki ja a waje. Tsatsa tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci sau da dama, shi ya sa yawan ɓawo bai kamata ya firgita mutum ba tukuna. Abin dubawa shi ne ƙarfen da ya rage.

Asabar, 2 ga Disamba

Ranar guduma. Kafin nan an yi kwanaki ana kankare baƙin kwaltan da aka shafe ƙarƙashin motar da shi. Wannan shafi, idan ya tsufa ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita. A wurare da dama kwaltan yana nan sumul, ka ɗaga shi da wuƙa ka tarar da ƙarfe ya zama gari. Duk mai sayen 'yar Kwatano da ya leƙa ƙasa ya ga sabon baƙin shafi yana walƙiya, to wurin ya kamata ya fi zargi.

Baba mai walda ne ya yi gwajin da kansa. Dattijo ne da ya fara da gyaran bodin manyan motoci tun ana yayin Marsandi 911. Ƙaramar guduma mai tsini ya riƙe, yana bin firam taki-taki yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Inda ƙarfe yake da rai sai ka ji ƙara mai zaƙi, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Inda ya mutu sai ka ji "dub", wani lokaci tsinin ya lotsa wurin. Duk inda ya ji haka sai ya zagaye da alli. Bai yi magana ba har ya gama zagayen.

Ga abin da allin ya nuna. Gefen hagu, daga kunnen sifirin na baya zuwa gaba kamar kamu ɗaya, bangon ciki da na ƙasa sun tafi. Wuri ne da ba wanda yake gani balle ya wanke. Gefen dama a daidai wurin ya yi siriri amma bai huje ba. Ƙarfen gicciye da safaya take rataye a jiki ya ruɓe baki ɗaya. Mazaunin shokazoba ɗaya ya tsage. Daga tsakiyar mota zuwa gaba kuwa garau, saboda man da injin ya yi shekaru yana ɗiga ya kare wurin. A ƙarƙashin notunan nan masu cin 13 mun sami tsohon faci: faranti ne aka ɗora kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba tare da an yanke shi ba, ruwa ya zauna tsakaninsu ya cinye duka biyun. Irin aikin da aka so in sake yi ke nan.

Mun auna firam a gicciye, daga ramin gaba na dama zuwa na baya na hagu, sannan akasin haka. Awon biyu sun yi daidai, bambancin bai kai kaurin ƙusa ba. Ke nan bai murɗe ba, ya cancanci gyara. Na rubuta duk awon a bangon gareji da kuma cikin littafi.

Asabar, 9 ga Disamba

Kasuwar Ƙofar Ruwa. Na je da niyyar samun rabin firam na irin motar a yanko mana. Wanda na samu, da na ƙwanƙwasa shi da sifana, ya fi namu lalacewa, ga kuɗin da aka sa masa kamar sabo. Amma na dace da ƙarfen gicciye na safaya mai kyau daga wata da ta yi hatsari ta gaba, da kunnen sifirin guda. Sauran sai na sayi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, na tsaya aka auna a gabana, don abin da ake kira uku a kasuwa sau da yawa biyu da rabi ne. Masu lanƙwasa ƙarfen ƙofofi za su naɗe mana shi a kan samfurin kwali da Baba ya yanka.

Wani ɗan kasuwa a wurin yana ta rantsuwa cewa firam ɗin Toyota ba ya tsatsa. Ban ja da shi ba. Amma a Amurka, a 2016, kamfanin ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar firam a motocin Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Tamu ba ta cikin wannan magana, shekara 30 ta yi tana aiki, ba wanda zai ce ba ta biya kuɗinta ba. Ƙarfe dai ƙarfe ne, ko tambarin wa ke jikinsa.

Asabar, 23 ga Disamba

Mako biyu ana walda, kuma nan ne zuciyar aikin.

Kafin a taɓa injin yanka, Baba ya sa aka ɗora firam a kan ƙafafun ƙarfe, ya daidaita kusurwa huɗun da tiyon ruwa irin na magina. Sannan ya ɗaure hannuwan firam biyu da ƙarfen angul, a sama da a gicciye, ya ɗiga musu walda. Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce, "Yaro, ƙarfen nan shekara 30 yana ɗauke da kaya. Ka yanke masa ciki ba ka ɗaure shi ba, zai buɗe, kuma ba zai koma inda yake ba."

Yankan ma ba a kan layin alli ya tsaya ba. Yana yanka yana duba bakin ƙarfen, sai ya ga ya fito fari da cikakken kaurinsa sannan ya tsaya. Ramin da ya fara kamar tafin hannu ya ƙare ya kusa tsawon hannu. Kuma bai yarda ya yanka a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba, a karkace ya yi. Firam yana lanƙwashewa kaɗan-kaɗan a duk ramin da mota ta faɗa, nauyin kuma ya fi taruwa a bangon sama da na ƙasa. Walda a miƙe tana tara wahalar a layi ɗaya, daga nan tsaga take farawa. A karkace kuwa layin ya fi tsawo, nauyin ya rarrabu.

Mun ɗan yi gardama a kan sandar walda. Na karanta cewa mai lamba 7018 ta fi dacewa da ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, na zo da maganar. Baba ya ce ya sani, amma tana shan laima idan ba a adana ta da kyau ba, injin walda na naɗin gida ba ya riƙe ta sosai, kuma a faranti mai milimita 3 hannunsa ya fi sanin 6013 geji 12. Na bar masa. Walda mai tsabta da sandar da mutum ya saba da ita ta fi walda mai ramuka da sandar da littafi ya yaba. Abin da na tsaya a kai shi ne a hayo ƙaramin injin walda na zamani mai daidaita wuta, don wutar janareta tana hawa tana sauka.

Yadda yake yi: ya goge bakin tsohon ƙarfe da na sabo su yi gangare, ya bar ɗan tsakani kamar kaurin sandar, ya ɗiga a wurare, ya sake awo. Sai ya ja walda tsawon ɗan yatsa a nan, ya tsallaka can nesa ya ja wata, ya dawo. Idan aka ja ta a dogon layi ɗaya zafi yana taruwa ya janye ƙarfen gefe guda. Bayan kowane ja sai ya fasa ɓawon, ya goge da burushin ƙarfe, ya duba da tocila. Inda ya ga ɗan rami ko ɓawo ya maƙale a ciki, sai ya tone da injin gogewa ya sake.

Ana cikin haka wani sabon yaro ya ga wurin ya yi ja, ya fasa ledar ruwa da haƙori zai watsa. Baba ya daka masa tsawar da har masu shayi suka waiwayo: "Kai, ajiye! Wa ya aike ka?" Daga baya ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa ruwa yana sa gefen walda ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa, a bar shi ya huce don kansa.

A kan kowane haɗi ya ɗora faranti na ƙarfafawa mai siffar kifi, faɗi a tsaka, siriri a baki biyu, bakin a zagaye ba tsini. Ya huda shi a wurare, ya cike ramukan da walda don tsakiyar ma ta kama, sannan ya rufe gefen duka yadda ruwa ba zai sami hanyar shiga baya ba. Bambancinsa da facin Turai shi ne wannan a kan lafiyayyen ƙarfe yake zaune.

Kunnen sifirin shi ya fi cin lokaci. Idan ya goce ko da kaɗan, aksul zai zauna a karkace, mota ta riƙa tafiya a gicciye tana cin taya. An auna daga rami ɗaya a gefen dama, an maido awon hagu, an zura dogon rodi ta cikin kunnuwan biyu don a tabbatar suna kallon juna, sannan aka kama.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Ba a yi wani abin kirki ba. Sanyi ya sauko, yara ba sa fitowa sai rana ta ɗaga. Wuta babu, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun bara sai an yi lissafi kafin a tayar. An dai kafa ƙarfen safaya, an gyara mazaunin shokazoba, an cire angul ɗin ɗauri. Awon gicciye yana nan yadda yake a bango.

Asabar, 20 ga Janairu

Burushin ƙarfe yana sa tsatsa ta yi sheƙi ne kawai, ba ya shiga ƙananan ramukan da ta tona. Don haka muka nemo wani mai babban kwamfireso, aka tankaɗe busasshen yashi, aka feshe firam da aksul biyu a fili bayan gareji. Na sayo wa mai feshin da yaronsa abin rufe hanci mai matata, na hana kowa tsayawa ta inda iska take kaɗawa. Ƙurar yashi tana zama a huhu ta yi illar da ba ta warkewa, tsumma a hanci kuma ba ya tare ta. Lambar firam da ke buge kusa da tayar gaba na rufe ta da salatif mai kauri. Idan ta shafe, kai da masu duba takardun mota ne a kowane shinge.

Feshin ya tona wasu ƙananan huji biyu da guduma ba ta ji ba, Baba ya dawo ya toshe.

A nan hunturu ya yi mana rana. Da a Legas ne ko cikin Agusta, ƙarfen da aka feshe da safe kafin yamma ya fara yin ja. A busasshiyar iskar nan ya kwana fari tas. Inda yashi bai kai ba, cikin lunguna, an shafa ruwan maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda yake mayar da jar tsatsa baƙa mai tauri da fenti zai iya kamawa. Amfaninsa a kan 'yar tsatsar da ta rage ne, ba ya mayar da ɓawo ƙarfe.

Amma hunturun da ya ba mu da dama ya karɓa da hagu, don ƙura ba ta barin ɗanyen fenti. Mun kafa rumfar tamfol, an yayyafa ruwa a ƙasa, aka jira hantsi sanyi ya sake. Mai fenti ya so a yi da jan fentin ƙofofi, na ce a'a. Mun sa ifoksi mai haɗi biyu, wanda ake gaurayawa da ruwan taurinsa. Shi wannan da zarar an haɗa lokacinsa ya fara tafiya, don haka kaɗan-kaɗan ake dama shi. Shafin farko da burushi aka yi a kan walda da kusurwoyi, a cusa shi sosai, sannan feshi hawa biyu, baƙin fenti a sama. Kuɗin gwangwani ya ƙaru tsakanin ranar da na tambaya da ranar da na saya, yadda Naira take zubewa a 'yan makonnin nan.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Waje ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa. Ni kuwa hankalina yana ciki, inda matsalar ta faro kuma fenti bai kai ba.

Tun kafin fenti mun ɗaura guntuwar sarƙa a bakin wayar birkin babur, muka sa a injin huji, muka zura cikin firam tana juyawa tana dukan bango, kwamfireso yana huro garin waje. Yau kuma ranar jiƙa cikin ne. Abin da aka saba a wurin wankin mota shi ne a feshe ƙasa da baƙin mai. Ban so shi ba: yana ɗauke da dattin inji, yana kumbura roba, kuma yana tsiyayewa ya bar bangon sama a bushe. Sai na narka kyandir a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, nesa da wuta, na gauraya da kananzir da sabon man inji. Da ɗuminsa aka fesa ta dogon tiyo mai huji a gefe, ana jan tiyon a hankali daga wannan baki zuwa wancan, har ya riƙa ɗiga ta kowane rami. Kananzir zai tashi ya bar kakin da man a manne. Wannan aiki sai an gama duk wata walda da fenti, in ba haka ba ko gobara ko fenti ya ƙi kamawa.

Ramukan zubar ruwa na ƙasa na sa an ɗan faɗaɗa su, an ƙara biyu a sabon ƙarfen. Wani ya ce me zai hana a toshe duka ruwa ya daina shiga. Ruwa zai shiga ko ta yaya, hanyar fita ce ba a so ya rasa.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Sifirin huɗun an warware su ganye-ganye. Tsakanin ganyen tsatsa ta cika har ta buɗa su. An goge, an duba tsaga, an canza ganye biyu da suka karye a wajen ramin tsakiya, an sa sabon noti na tsakiya da sababbin bushin. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul sababbi na saya, don tsofaffin sun riga sun miƙe, zarensu kuma ya cinye.

Direba ya roƙa a ƙara ganye uku-uku a baya don ta ɗauki kaya da yawa. Na ƙi. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima ba ya shanye duka, firam yake miƙa wa, a daidai wurin da muka gama ɗinkewa. Wanda ya ce a gasa su da wuta a ƙara musu lanƙwasa shi ma na ce ya bari, wuta tana kashe ƙarfin sifirin.

Aksul ɗin gaba, ƙwallon da taya take juyawa a kai duk ya jiƙe da wani baƙin kunu, alamar man aksul ya ƙetare robarsa ya haɗu da giris. Sai da muka yi aron soket mai lamba 54 kafin babban notin ya fito. An canza robobin, an cika sabon giris, an zuba man giya mai lamba 90 gaba da baya.

Asabar, 2 ga Maris

Birki. Bututun ƙarfe da ke bin jikin firam zuwa baya ya ruɓe a duk inda maƙalli ya riƙe shi, yana taɓuwa yana karyewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ke zuwa tayar baya ta hagu: wani a can baya ya ga yana yoyo, ya ninke shi ya daddage da guduma. Allah kaɗai ya san tun yaushe motar take yawo da birkin taya uku, da buhuna a bayanta.

An ja sababbin bututu masu kaurin milimita 4.75, aka yi musu baki mai ninki biyu. An kawo mini na jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, wai ya fi sauƙin lanƙwasawa. Na mayar. Girgizar mota tana sa shi ya yi tauri ya tsage.

Akwai wata 'yar na'ura a jikin firam ta baya, da dogon siririn ƙarfe da ya haɗa ta da aksul. Aikinta ta rage ƙarfin birkin baya idan mota ba kaya, ta ƙara idan an yi lodi, don kada tayoyin baya su kulle mota ta juya. Tamu ta daskare da tsatsa. Makanikai da yawa cire ta suke yi su haɗa bututu kai tsaye. A a-kori-kura da yau take fanko gobe take danƙare, wannan ganganci ne. Na samo wata a Ƙofar Ruwa, aka wanke aka ɗaura. Man birki DOT 3 aka zuba, aka fitar da iska daga taya mafi nisa, na'urar ita ce ta ƙarshe.

Asabar, 9 ga Maris

Inji da giya sun koma, kan mota ya sauka a kan sababbin robobi. Takardun da aka ɗaura wa wayoyi sun yi amfani, ko da yake rana ta cinye rubutun wasu, sai da aka koma hotuna. Tanki an wanke shi, an fente bayansa, an sa roba tsakaninsa da maɗaurinsa. Azumi jibi ko gata, Baba ya ce duk abin da ke buƙatar wuta a gama kafin nan.

Asabar, 23 ga Maris

Ta fita. Notunan sifirin ba a ɗaure su tamau ba sai da motar ta sauka kan tayoyinta da nauyinta, don kada bushin su murɗe. Bayan sallar asuba muka bi titin Katsina zuwa Dawanau, fanko a tafiya, da buhunan masara a dawowa. Na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi hagu da dama, da kayan a kai: daidai. Sitiyari ba ya ja gefe, birki yana kamawa ba tare da ta karkace ba. Da muka dawo Baba ya shiga ƙasa da tocila ya bi waldarsa ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ce a kawo ta bayan wata guda ya sake gani.

Kawu ya zo da la'asar a bayan babur, ya zagaya ta da sandarsa, ya ce, "To, yanzu sai ka hana su zuba mata taki a tsirara." Na riga na sayi tamfol mai kauri da za a riƙa shimfiɗawa, na kuma gaya wa direba duk ranar da ta ɗauki taki ko ta shiga taɓo, a zura tiyo cikin firam kafin ta kwana.

Abin da ya rage: a sake ɗaure maɗauran sifirin bayan ta ɗan yi tafiya, salansa tana huci a wajen haɗi, daben bodin baya yana da ramukan da takin yake bi, kuma ƙarafan ƙarƙashinsa biyu suna son canji. Wannan sai bayan Sallah, amma dole kafin ruwan farko.